Dokin Tseren Keke a Doguwar Tafiya: Ƙafa Akwai, Sai Dai Zafi

Tun da bidiyon wasannin dawaki na ƙasashen waje suka yawaita a wayoyi, ana yawan jin wata tambaya a majalisar masu dawaki, daga Bichi har Gumel. Dawakin nan da ake tsere da su suna jan ɗan keke mai ƙafa biyu, direba na zaune a baya ya miƙe ƙafafu, in aka kwance musu keken aka ɗaura sirdi, ba za su cinye gasar doguwar tafiya ba? Masu tambayar suna da hujja, domin duk wanda ya ga yadda dokin nan ke miƙa ƙafa ya san Allah ya yi masa baiwar sassarfa. A Amurka da Ostareliya ma ana yin hakan: dokin da ya gama zamaninsa a fagen tsere a sake masa tarbiyya, a shiga da shi tafiyar kilomita 40 ko 80, ya gama lafiya. Sai dai ba gudun ne ke kai shi ƙarshe ba. Saurin hucewar jikinsa ne, kuma a nan ne zafin ƙasarmu yake da ta cewa.

Wasannin biyu sun yi hannun riga. Tseren keke a Amurka galibi mil ɗaya ne, mita 1,609, a kan fili shimfiɗaɗɗe da ake gyarawa kullum. Irin dokin da ake yi da shi sunansa Standardbred, kuma tun 1879 aka gindaya ma'aunin shiga littafin irinsu: mil ɗaya cikin minti biyu da rabi. Kusan dukkansu tsatson wani ingarma ne, Hambletonian, da aka haifa a 1849. Yau sun wuce wancan ma'auni nesa ba kusa ba. A 2022 wani doki, Bulldog Hanover, ya yi mil ɗin cikin minti 1 da daƙiƙa 45 da 'yan kai, wato kusan kilomita 55 a awa, ba tare da ya yi sukuwa ba.

Doguwar tafiya kuwa kilomita 40 ce, ko 80, ko 120, ko 160 a yini ɗaya. Kwatanta Kano zuwa Wudil, sannan Kano zuwa Kazaure, babbar kuma kamar ka tashi daga Kano ka sauka Zariya a bayan doki guda. Gasar Tevis ta tsaunukan Kalifoniya, wadda aka fara a 1955, mil 100 ce cikin awa 24. Ana yanka hanyar zango-zango, kowane zango likitan dabbobi na jira. Sharaɗin da aka fi bi shi ne bugun zuciyar doki ya sauko zuwa 64 a minti, wasu wuraren 60, cikin lokacin da aka ɗiba, daga minti 15 zuwa 30 gwargwadon hukumar da ta shirya. Agogonka bai tsaya ba sai zuciyar ta sauko. Wanda ya iso zango na farko amma dokinsa ya kwashe minti 14 yana huci, wanda ya zo bayansa da minti biyar zuciyar ta sauko nan take ya riga shi tashi. In kuwa doki ya yi ɗingishi, ko da a ƙarshen tafiyar ne, an fitar da shi.

Shi ya sa dawakin Larabawa suka mamaye wasan. Jikinsu siriri ne, fata ba kauri, jijiyoyin jini kwance a kusa da fata. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsokar doki ke ƙonawa zafi yake komawa, kuma mafi yawansa ta gumi da numfashi yake fita. Dokin keke yana kai kilo 400 zuwa 500, da kaurin tsoka a cinya da kafaɗa, sai ya zama yana tara zafi da yawa yana fitarwa a hankali. A garin da ake sanyi wannan ɗan jinkiri ne na mintuna. A Haɗejiya cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, magana ce ta rai da mutuwa.

Abin da yake da shi kuma ba kaɗan ba ne. Ƙashinsa da kofatonsa masu ƙwari ne. A horonsa na tsere kullum sai ya yi sassarfar kilomita biyar zuwa takwas, saboda haka aiki ba baƙonsa ba ne. Ya saba da mota, da hayaniya, da igiyoyi suna taɓa masa ƙafafu, ga sanyin hali. Babur ya gifta ko garken shanu ya ɓullo daga burtali, ba kasafai yake zabura ba.

Kafin a saya

Yawancin dawakin da ke barin tsere akwai dalili, kuma dalilin sau da yawa a ƙafa yake. Ka sa a yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, a tafi a dawo, sannan a zagaya dama da hagu. Ka shafa jijiyoyin bayan ƙwauri daga gwiwa zuwa wuyan ƙafa, ƙafa huɗun duka, kana neman kauri ko ɗumi ko wurin da zai janye in ka matsa. Gwiwar ƙafar baya ita ce ta fi shan wahala a wannan sana'a, ka dube ta da kyau. Tabo a cikin gwiwar gaba ko a gefen kofato alama ce yana bugun ƙafa da ƙafa idan ya buɗe gudu, kuma gajiyar hanya ƙara abin take yi. Dokin da tsohon ciwon jijiya ya kore shi daga tsere zai yi maka kilisa da hawan salla, amma kada ka sa ran kilomita 80. Shekara biyar zuwa goma shi ne daidai. Ƙasa da biyar ƙashi bai gama nuna ba.

Sannan ka gane wace tafiya gare shi, domin iri biyu ne. Akwai mai sassarfar da muka sani, ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu. Akwai kuma mai tafiyar raƙumi, ƙafafun gefe ɗaya su tashi tare, kuma a Amurka waɗannan sun fi yawa. A tsere ana sa musu wasu madaurai a ƙafa don kada su sauya. Wannan tafiya tana da sauri a fili, amma tana kaɗa mahayi hagu da dama, tana goge bayan doki da sirdi, ga tuntuɓe a hanya mai gargada. In da zaɓi, mai sassarfa ya fi.

Sabuwar tarbiyya

Fara da hutu, sati huɗu zuwa shida, a rage tsaba a hankali, a bar shi ya yi ta yawo a shinge. Ɗaure shi a turke yini guda bayan ya saba da aikin kullum shi ke kumbura ƙafafu ya ɓata hali.

Dokin nan bai san mutum a bayansa ba, bai san ma'anar ƙafar mahayi ba. Linzami da murya kaɗai ya sani. Kuma abin da ya sani na linzamin ya saɓa da namu: an koya masa ya jingina bakinsa a kan ƙarfen, in direba ya ƙara riƙo ya ƙara wuta. Mahayin da ya ji doki ya ɗauke shi ya ja da ƙarfi, ya ba shi umarnin gudu ne bai sani ba. In kuma linzamin gargajiya ne mai harshe da zobe, sai a fasa masa baki a rana ɗaya, ya koma miƙewa tsaye. Linzami mai sauƙi mai gaɓa a tsakiya za a sa, a riƙa ja ana saki, ja ana saki, ana haɗawa da murya, har ya gane cewa sassauci ne ladan tsayawa. Kaimi a ajiye shi tukuna.

Da yawansu an saba rufe musu gefen ido, don haka ganin mutum ya tashi sama a bayansu sabon abu ne. Kwana biyu ko uku kana tsayawa a kan turmi ko dakali a gefensa, kana jingina cikinka a kan sirdi, wani na riƙe da ragama, kafin ka ketara ƙafa. Wata igiyar kuma da ke ɗaga musu kai sama lokacin tsere takan bar su da wuya a miƙe, baya a lotse, tsokar da ke ɗaukar sirdi ba ta ginu ba. Maganin wannan tafiyar ƙafa ce mai yawa da kai a sake, da hawa tudu a hankali, da ba shi abinci a ƙasa maimakon a rataye.

Don karya tafiyar raƙumi, jera sanduna huɗu zuwa shida a ƙasa, tazarar mita 1.2 zuwa 1.4, a riƙa bi da shi ta kai. Ba zai iya ƙetare su da ƙafafun gefe ɗaya ba sai ya gyara taku. Sukuwa kuwa duk rayuwarsa laifi ce a wurinsa, domin dokin da ya ɓalle da sukuwa a tsere janye shi ake yi baya. Kada a tsananta. A kan ɗan tudu ake nemanta, in ya yi taku biyar a yaba masa a ƙyale shi. Amfaninta a doguwar hanya shi ne ta hutar da tsokar sassarfa, ba don sauri ba.

Shi ma mahayi da nasa aikin. A sassarfa ana tashi ana zama a kan likafa, kuma kowane minti biyar zuwa goma a sauya ƙafar dokin da ake zama daidai da saukarta. Wanda ya yi kilomita 30 a gefe ɗaya zai iso da doki mai ɗingishi, ya ce ƙaya ce.

Sirdi da hanya

Sirdinmu na katako an yi shi ne don hawan ado na awa biyu ko uku, a bayan doki gajeren baya. Dokin keke bayansa dogo ne, kuma siffarsa za ta sauya cikin wata shida na farko. A nemi sirdi marar nauyi mai faɗin ƙasa, yatsu uku su shiga tsakaninsa da tudun kafaɗa bayan an hau. Mahayi da kayansa duka kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin: doki mai kilo 450, kaya kilo 90. Bayan kowace fita ka ɗaga shimfiɗar ka dubi gumin. In bayan ya jiƙe duka amma ga wani wuri busasshe kamar tafin hannu, nan sirdi ke danna shi, kuma nan miki zai fito, daga baya farin gashi. Da kaka, ƙarangiya guda ɗaya da ta maƙale a shimfiɗa ko a majayi ta isa ta ɓare fata cikin kilomita goma, don haka a bi shimfiɗar da tafin hannu kafin a ɗora, kowane zango.

Rairayin jigawa yana yaudara. Yana da taushi a kofato, amma in ya yi zurfin da kofato ke nutsewa gaba ɗaya, jijiyoyi ne ke biyan kuɗin, musamman ga dokin da duk rayuwarsa a kan daidaitaccen fili ya yi gudu. A irin wannan wuri tafiyar ƙafa kawai. Hanyar burji tana cin kofato, fadama kuma da rani takan tsage ta kama ƙafa. Mafi kyau ita ce hanyar amalanken shanu da ta daddale. A riƙa gyaran kofato duk sati huɗu zuwa shida, a rage tsawon gabansa a hankali, domin masu tsere kan bar shi da tsawo, kuma shi ke jawo tuntuɓe.

Horo

Tarkon da ke cikin tsohon dokin tsere shi ne zuciyarsa da huhunsa a shirye suke, sai mahayi ya ɗauka komai ya shirya. A horon kowane doki, zuciya da tsoka wata biyu zuwa uku suke buƙata kafin su ginu. Jijiyoyi wata shida zuwa shekara. Ƙashi ya fi haka.

Wata biyu na farko bayan ya karɓi sirdi: kilomita 5 zuwa 8, sau huɗu a sati, yawanci tafiyar ƙafa, ana sa sassarfar minti uku zuwa biyar a tsakani. Wata na uku zuwa na shida: fita biyu na kilomita 10 zuwa 12, da doguwa guda a sati da za ta tashi daga 15 zuwa 30. A ƙara nisa ko a ƙara sauri, ba duka biyu a sati ɗaya ba. Babban aikin shi ne koya masa ƙaramar sassarfa ta kilomita 11 zuwa 13 a awa, wadda a wurinsa wasa ce. In ka sake masa zai yi 25 cikin jin daɗi, ya ƙone kansa kafin kilomita 20. Tafiyar 40 ta farko sai bayan wata shida, ta 80 sai shekara ta biyu.

Lokacin wannan aiki a wurinmu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu: an kawar da amfanin gona, hanyoyi sun buɗe, iska busasshiya tana shanye gumi. Da bazara a fita bayan sallar asuba a dawo kafin ƙarfe tara, ko a haƙura.

Abinci, da maganar kanwa

Tushen abincinsa ciyawa ce, kilo 7 zuwa 9 a yini ga doki mai kilo 450. Cikin da ya cika da ciyawa yana riƙe ruwa mai yawa da doki zai ja a hanya, shi ya sa ba a fita da shi da yunwa. Harawar wake ko ta gyaɗa abinci ce mai kyau, amma ita kaɗai tana ƙara zafin jiki da yawan fitsari. A haɗa kashi ɗaya na harawa da kashi biyu na ingirici, a yayyafa ruwa saboda ƙurar hunturu, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna. Dawa ko gero kada ya wuce kilo biyu a ci ɗaya, kuma ranar hutu a rage rabi. Dokin da aka cika wa tsaba yana ɗaure, aka fita da shi washegari, shi ne ke sandarewa a cinya, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi. In haka ta faru a sauka nan take, kada a tilasta masa tafiya. Man gyaɗa yana ba da ƙarfi ba tare da wannan haɗari ba: a fara da cokali biyu a kai kofi ɗaya cikin sati uku.

Kanwa ta zama jiki a bargarmu, amma ranar doguwar tafiya ba ranarta ba ce. Doki na iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa cikin zafi, kuma gumin nasa ya fi jininsa gishiri. Sinadarin da ya fi asara shi ne kuloraid, wanda ke cikin gishirin miya. In ya ragu, jinin doki yakan karkata zuwa ɓangaren da ita kanta kanwa take, wato kishiyar tsami. Ka ƙara masa kanwa a wannan hali, ka tura shi inda yake neman faɗawa ke nan. Sakamakon shi ne kwiɓinsa ya riƙa zillo kamar mai shaƙuwa, daidai da bugun zuciya, hanji kuma ya yi sanyi. Gishirin miya ake so, cokalin cin abinci biyu zuwa uku a yini cikin dusa jiƙaƙƙiya. In an sayi garin gishirin dawaki a kantin magungunan dabbobi, a tabbatar babu bakabonet, wato sinadari irin na kanwa, a ciki, kuma ba a ɗura shi sai doki ya sha ruwa.

Ruwa kuwa duk inda aka samu a ba shi, a rijiya, a famfon burtsatse, a mashaya. Maganar cewa doki mai gumi bai shan ruwa ta halaka dawaki fiye da yadda ta cece su.

A zango

Ka sauka tun saura mita 300, ka sassauta majayi, ka ja shi a ƙasa. A inuwa a cire sirdi, a yi ta kwara ruwa a wuya, da ƙirji, da tsakanin cinyoyi, bokiti bayan bokiti, har ruwan da ke gangarowa ya daina ɗumi. Ruwan randa mai sanyi ba ya cutarwa. Dokin keke yana buƙatar wannan fiye da dokin ƙasarmu, a tanadi jarka huɗu ko biyar a kowane zango.

Bugun zuciya ana jinsa da yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ko da abin sauraron ƙirji a bayan gwiwar hannun hagu. Ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka huɗu. A hutu 28 zuwa 44 ne. In bayan minti 10 bai sauko ƙasa da 64 ba, ka yi sauri da yawa. In ya kai minti 30, tafiya ta ƙare. Akwai gwajin da likitocin gasa ke yi, kowa zai iya: ƙirga bugun, a yi sassarfa da shi mita 40 a dawo, minti ɗaya daga fara sassarfar a sake ƙirgawa. In na biyu ya ɗara na farko da fiye da huɗu, akwai gajiya ko ciwon da bai fito fili ba.

Ɗaga leɓensa ka danna dasashi: farin ya koma ja-ja cikin daƙiƙa biyu, kuma da danshi. Tsunkuli fatar kafaɗa ka saki, ta koma nan da nan. Kara kunne a kwiɓi hagu da dama, ka ji ƙugin hanji. Zafin jiki ta dubura 37.5 zuwa 38.5 ne a hutu, in ya wuce 39.5 ba a tashi sai ya sauko. Dokin da ya ƙi ci a zango, ga harawa a gabansa, ya fi mai ɗingishi ban tsoro. Kuma kada a yi masa allurar kashe ciwo don a ƙarasa hanya. Ban da cewa haramun ce a gasa, magunguna irinsu fenilbutazon, wanda ake kira buta, suna lalata ƙodar dokin da ruwan jikinsa ya ƙare.

Duk wanda ke tunanin shigo da irin wannan doki daga waje ya sa cutar dawaki ta Afirka a lissafinsa. Wasu ƙananan ƙwari ne ke yaɗa ta, masu cizo da magariba da asuba, sun fi yawa da damina a kusa da fadama, kuma suna ratsa gidan sauro na yau da kullum. Baƙon doki marar rigakafi ba kasafai yake tashi ba. Ga kuma zazzaɓin kaska. A ganina, kuɗin da za a kashe kan wannan ya isa a zaɓi ɗan Arewa ko ɗan Sudan mai siririn jiki a kasuwar Maigatari, a bi da shi wannan tsari sak. Tsofaffin dawakin sukuwa da na holo ma matsalarsu kusan ɗaya ce da ta dokin keke: zuciya a shirye, kai cike da gudu, jijiyoyi ba su san doguwar hanya ba.

Bayan an sauka, ruwa da ciyawa kawai na awa uku zuwa huɗu, tsaba sai daga baya. A sa ido a kan kashinsa da fitsarinsa har dare, domin ƙullewar ciki ta fi zuwa bayan an gama, ba a kan hanya ba. Da safe, kafin a fito da shi, a shafa ƙafafu huɗu da gadon baya, sannan a ja shi ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri. Hutu kwana ɗaya ne kan kowane kilomita 15 da ya yi, ana jan sa a ƙasa safe da yamma, kuma sirdi bai komawa bayansa sai duk wani kumburi ya sace.